Dare biyu a tanti da yara huɗu, me za a ci?

Maman Hanan: Salam jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Maigida ya kafe lallai wannan hutun sai mun fita da yara mun kwana a tanti, irin wuraren nan da ake ware wa masu yada zango, dare biyu za mu yi. Ni da shi da yara huɗu, babbar shekararta 12, ƙaramin wata tara yana nono yana ɗan taɓa abinci. Babu lantarki babu firij, abin da muke da shi kula ɗaya babba, ƙaramin murhun gas mai kai ɗaya da tukunya biyu. Ni dai bana son in je can in ƙare a gindin murhu kowa na yawo yana ɗaukar hoto ni ina yankan albasa. Wanda ya taɓa yi ya taimaka min da abinci mai sauƙi.

Ummi K: Indomie katan ɗaya, an rufe taro 😂

Maman Hanan: Ummi Allah ya shirye ki, safe rana dare? Ai babansu da kansa zai naɗe tantin mu dawo.

Anti Rabi: Wa alaikis salam Maman Hanan. Girkin tafiya irin wannan a kicin ɗinki na gida ake yin sa, can ɗumame da ɗan haɗe-haɗe kawai za ki je yi. Ana jibi tafiya ki yi miyar tumatur mai kauri da nama a ciki, ta huce, ki zuba a leda mai zif ki kwantar da ita a firiza ta daskare, kin ga ta zama abu biyu kenan, abinci ce kuma ita ce ƙanƙarar kularki. Albasa, karas, kabeji, tattasai duk ki yanka a gida ki ƙulle kowanne daban, gishiri da kayan ɗanɗano ki haɗa su a ƙaramar roba ɗaya kar ki kwashi kwalabe goma. Sannan abin da ya fi komai, ki jera cin abincin bisa wanda ya fi saurin lalacewa. Daren farko kaza ko nama, washegari ƙwai da miyar nan da ta fara saki, ranar dawowa kuma kayan gwangwani da busassu waɗanda ba ruwansu da sanyi. In kika bi wannan ko ƙanƙara ta narke a rana ta ƙarshe babu abin da ya rage a kular da zai cutar da ku.

Abban Sadik: Anti Rabi ina girmama ki amma fa ban yarda ba. In ɗumame za a je yi to me ya fitar da mutum daga gida? Ai daɗin abin shi ne a hura wuta yara su zagaye ta su ga abinci na dahuwa a gabansu. Ni abin da nake yi ƙunshin foyil ne, a yanka dankalin turawa siri-siri, albasa, tattasai, ƴan gutsattsarin kaza, a yayyafa mai da gishiri a naɗe da foyil ninki biyu a matse bakin sosai, a ɗora kan garwashi. Minti 25 zuwa 30, a juya shi sau ɗaya a tsakiya. Kowane yaro shi zai haɗa nasa ya sa abin da yake so, wanda baya cin albasa ba sai an yi rigima da shi ba.

Hajiya Uwani: Abban Sadik tambaya ɗaya gare ni. Wa ke fere dankalin, wa kuma ke wanke-wanke bayan an gama zagaye wutar?

Ummi K: Hajiya ta zo 🤣

Abban Sadik: Hajiya ai shi ya sa na ce foyil, a cikinsa ake ci a dunƙule a jefa a ledar shara, ko faranti ba a ɓatawa. Dankali kuma ba sai an fere ba, a wanke shi tas a yanka da ɓawonsa. Amma gaskiya akwai abu ɗaya, kar a ɗora a kan harshen wuta, waje zai ƙone ƙurmus ciki ɗanye shar. Sai itacen ya cinye ya koma jan garwashi da farin toka a sama, kuma wannan kan ɗauki minti arba'in ko ma awa guda. Mai son dankalin ya yi saurin nuna sai ya ɗan tafasa shi minti biyar tun a gida.

Anti Rabi: To ka ga ka dawo maganata, tun a gida. Kuma ka yi lissafi da kanka, awa ɗaya jiran garwashi, rabin awa gashi, ga shi daren farko kun iso da yamma kuna ta kokawa da igiyoyin tanti duhu na shigowa, yara sun gaji da mota, jinjiri na kuka. Yaron da yunwa ta kama ba ya jiran garwashi. Daren farko abin da za a buɗe a ci ake so, ko wanda minti goma ya isa. Gasasshiyar kazar da aka yi a gida aka sanyaya, a ɗumama a kasko, a naɗe a burodin shawarma da kabeji. Burodin shawarma ma ya fi burodin yanka a tafiya don baya lotsewa a ƙarƙashin kaya. Ƙunshinka na foyil a bar shi dare na biyu lokacin da kowa ya natsu.

Abban Sadik: Wannan kam na sallama, dare na biyu. Amma a yi shi dai.

Baba Ɗanjuma: Kafin ku yi nisa, ƴata ki sa maigidanki ya tambayi masu wurin ko an yarda a hura wuta. Wurare da yawa suna hanawa lokacin da ciyawa ta bushe, wasu kuma sai a murhun da suka gina kawai. Kar ki ɗora abincin dare kacokan a kan garwashi ki je a ce miki babu, ko ruwan sama ya jiƙa itacen. Duk abin da za a gasa ya zama wanda in ta ɓaci za a iya juye shi a tukunya a dafa kan gas.

Maman Hanan: Na gode Baba, wallahi wannan bai zo min a rai ba, zan faɗa masa.

Sista Jamila: Ina bin ku tun ɗazu. In dare na biyu za a yi foyil ɗin to ɗanyar kaza ta kwana ta wuni a kula kenan, ni ban so haka ba. Ko dai a daskarar da ita tun a gida a sa ta can ƙasan kula cikin roba mai murfi yadda ruwanta ba zai ɗiga kan kayan da ake ci ɗanye ba, ko a dafa ta a gida a je can a gasa kawai. Kaza sai zafin tsakiyarta ya kai digiri 74 kafin a ce ta nuna, niƙaƙƙen nama 71, kuma a duhu da tocila ba kowa ke gane ja a jikin ƙashi ba. Shi ya sa yanka ƙanana marasa ƙashi ya fi.

Fa'iza: Ni fa a ganina duk kun wahalar da abin. Ki dafa shinkafa tukunya guda da safe kafin ku tashi ki juye a kular abinci, ku ci da rana ku ci da dare, ragowar a ɗumama da safe. Shikenan kin huta kwana ɗaya cur.

Sista Jamila: Fa'iza ki yi haƙuri amma wannan ita ce shawarar da nake tsoro. Shinkafa na ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, ƙwayayenta basa mutuwa da dahuwa, in dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi-ɗumi sai su farfaɗo su hayayyafa su saki guba, kuma gubar nan ɗumame baya kashe ta ko kin tafasa. Amai ne ke tasowa cikin awa ɗaya zuwa shida. Kular abinci tana riƙe zafi na ƴan awanni ne, daga nan sai abincin ya sauko tsakanin digiri 5 da 60, wanda nan ne ƙwayoyin cuta suka fi jin daɗi. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa biyu a wannan yanayin, in ana zafin da ya haura digiri 32 ma awa ɗaya. Ku ci ta da rana a hanya ba laifi, amma ta kai washegari a'a.

Hajiya Uwani: Sista mu dai mun girma muna cin kwanannen abinci ga mu nan da ranmu. Yanzu komai sai an ce ƙwayar cuta.

Sista Jamila: Haka ne Hajiya, sau da yawa ana ci a kwana lafiya, ban musa ba. Amma a gida in cikin yaro ya ɓaci ga banɗaki ga ruwa ga asibiti kusa. Ki duba nan fa, tsakar dare, cikin tanti, yara uku na amai a kan shimfiɗa ɗaya, ruwan jarka ne kawai gare ku, mota sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga kemis. Ba don abin na yawan faruwa ba, don in ya faru a can ya fi muni ne.

Hajiya Uwani: To wannan magana ce. Amai a tanti kam Allah ya kiyaye.

Anti Rabi: Kuma ma shinkafa cin gas gare ta, minti ashirin tana kan wuta. Kuskus ya fi ta a irin wannan wuri nesa ba kusa ba, kofi ɗaya na kuskus kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, ɗan mai da gishiri, ki kashe wuta ki rufe minti biyar ki wargaza da cokali mai yatsu, ki ɗumama miyarki ki zuba. Sai taliyar tukunya ɗaya wadda ba a tacewa, ki soya albasa ki juye tumatur na gwangwani ki karya taliya biyu ki zuba, ruwa ya ɗan sha kanta kaɗan, ki riƙa juyawa kar ta kama, minti goma sha biyu ta tsotse ruwan, ki sauke ki farfasa kifin gwangwani a kai. Babba giram 100 yake ci, to leda ɗaya mai giram 500 za ta ishe ku, duk da dai yaro in ya wuni yana guje-guje a waje cinsa ninkawa yake, ki tafi da ta biyu. Wake kuma na gwangwani, kar ki soma ɗaukar busasshe, zai shanye miki gas bai nuna ba.

Zainab A: Na ga wani bidiyo mata na fasa ƙwai goma sha biyu su kaɗa su ɗura a gorar ruwa, da safe sai tsiyayawa a kasko. Ya kuke gani?

Sista Jamila: Yana yi, da sharaɗin gorar na nutse cikin ƙanƙara kuma a soye shi safiyar farko. Da zarar an fasa ƙwai ya rasa kariyarsa. Wanda ke cikin ɓawonsa ya fi juriya, musamman wanda ba a wanke ba don akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke toshe ƙofofinsa. Shi ya sa a Amurka inda ake wanke ƙwai kafin a sayar dole a firij yake zama, a yawancin ƙasashen Turai kuwa ba a wankewa, a kan kantar shago ake jera shi. To ki duba irin wanda kike saya. Abin da mutane ba su sani ba kuma dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa in babu sanyi, tafasawar ta wanke rufin nan. Kar a dafa a jefa a jaka a ce na gobe ne.

Ummi K: Yau na ji sabon abu, ni da nake ganin dafaffen ƙwai ko sati zai yi

Malam Nura: Bari in sa baki kan kula tunda ita ce firij ɗinku. Ƙanƙara ƙanana-ƙanana saurin narkewa take, babban dunƙule ya fi daɗewa, mafi sauƙi ki daskarar da gorunan ruwa masu lita ɗaya da rabi, amma kar ki cika su fal don ruwa na ƙara girma kusan kashi tara cikin ɗari in ya daskare, gorar za ta tsage. In sun narke kuma ruwan sha ne mai sanyi, babu asara. Daren tafiya ki sa gora biyu a kular ta kwana tana sanyi kafin a zuba kaya, ki cika ta dam don iskar da ke ciki ita ke cin ƙanƙara, in da sarari ki cusa tawul. A can kuma inuwa, kuma rana na juyawa sai a riƙa jan ta. Babban abokin gabarta dai yara ne, kowane minti biyar an ɗaga murfi ana neman lemo. Ki ari ƙaramar kula ta biyu ko bokiti ki sa musu abin sha daban, babbar a buɗe ta lokacin girki kawai.

Maman Hanan: Malam kamar ka san Hanan da ƙannenta. To in ruwan sama ya sauko fa, zan iya shiga da murhun cikin tanti in ɗan dafa ko shayi ne?

Malam Nura: A'a Maman Hanan, ko kusa. Gas ko gawayi in suna ci a rufaffen wuri suna fitar da iskar kabon monoksaid, bata da wari bata da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri da barci, kuma mutane sun mutu a tanti ta haka. Har garwashin da kike ganin ya mutu yana ci gaba da fitar da ita, kar a shigo da shi don jin ɗumi. Ga kuma yadin tantin, leda ce, da ta ga wuta narkewa take ta ɗiga a jiki. A ɗaura tamfol a waje gefe a buɗe a yi girki a ƙarƙashi, ko a ci abin da baya buƙatar wuta.

Baba Ɗanjuma: Shi ya sa kullum nake cewa a ware cin abinci ɗaya wanda babu wuta a cikinsa sam. Burodi, kifin gwangwani, botar gyaɗa, ayaba, biskit. Ba don a ci ba, don ranar da murhu ya ƙi.

Malam Nura: Sannan gas ɗin, ƙaramin gwangwani mai giram 220 zuwa 230 in an buɗe wuta sosai awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, ku tafi da uku. Iska ce ke cinye shi, a kare murhun ta gefen da take busowa a kuma rufe tukunya. In wurin mai tsananin sanyi ne ku sani butan, wato irin gas ɗin da ke cikin gwangwanin, baya tashi da kyau idan sanyi ya kusa digiri sifili, sai wanda aka gauraya da wani gas da ake kira furofen. In kuma kan tsauni za ku, ruwa na tafasa kafin ya kai digiri 100, duk hawan mita 300 yana raguwa da kusan digiri ɗaya, to taliya za ta ɗan ƙara lokaci.

Fa'iza: Malam Nura mun zo neman girki ka mayar da mu aji 😅

Maman Hanan: Bar shi Fa'iza ina rubutawa. Karin safe fa? Nan ne yarana suka fi fitina.

Anti Rabi: Ki auna Quaker da madarar gari da suga ki haɗa a leda ɗaya tun a gida, da safe ruwan zafi kawai, ki yanka ayaba a kai. Madarar gari ta fi ta kwali don ta kwali da an buɗe sai sanyi. Safiyar ƙarshe kuma burodin da ya fara bushewa ki tsoma a ƙwai da madara ki soya, yara na hauka a kansa kuma kin rage kayan dawowa. Ki tafasa ruwa tun da dare ki cika filas, wanda ya riga tashi ya haɗa shayinsa ba sai ya tashe ki ba. Na rana kuma kar ki kunna wuta ma, kowa ya naɗe abin da ya samu a burodi.

Abban Sadik: Kun manta da kayan zaƙi. Ayaba da ɓawonta, a tsaga ta a tsaye kar a raba, a cusa gutsattsarin cakulan a tsagar, a naɗe da foyil a ajiye gefen garwashi minti biyar zuwa goma, a ci da cokali. Wannan ko Hajiya Uwani ta ɗanɗana sai ta sayi tanti.

Hajiya Uwani: Ni da katifata mutu ka raba. Amma Maman Hanan ki ji, ki raba aiki tun a mota. Ƴar shekara 12 ta isa wanke kofuna da haɗa burodi, shi kuma mai gayyar tunda shi ya kawo shawarar daji to wuta da gashi nasa ne.

Sista Jamila: Kar a manta da jinjirin. Nono ya ɗauke rabin aikin, sauran ki murƙushe masa ayaba ko dafaffen dankali, ko Quaker ɗin amma ki ɗebi nasa daban ba suga. Zuma kar ta shiga bakinsa sai ya cika shekara, tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjin jariri baya iya yaƙa. Ruwansa dafaffe a filas ɗinsa daban. Ƙananan kuma a kula da gyaɗa guda-guda da inabi da sosej da aka yanka zagaye, su ne ke shaƙe yaro, a tsaga su a tsaye. Ki saka gishirin ORS biyu uku a jaka, bashi da nauyi.

Maman Hanan: Ruwa nawa za mu ɗauka? An ce akwai rafi kusa da wurin.

Malam Nura: Ki yi lissafin lita huɗu ga kowane mutum a rana, sha da girki, ku biyar ban da jinjiri kwana biyu da rabi kin ga lita hamsin kenan, jarka biyu masu 25. Ruwan rafi komai haskensa kar a sha sai an tafasa, ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa, in kun haura mita 2000 minti uku. Wanke-wanke kuma a ɗebo a yi nesa da rafin kamar mita 60, kar kumfa da maiƙo su koma ciki.

Baba Ɗanjuma: Abinci kuma kar ya kwana a tanti, ko biskit ɗaya a aljihun yaro. Tururuwa da ɓeraye na nan ko'ina, wani wurin birai ne, su har murfin kula sun iya ɗagawa, a dazukan Amurka ma akwatunan ƙarfe na adana abinci ake ajiye wa mutane saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji. A kulle komai a mota har ledar shara. Wutar kuma da ruwa ake kashe ta, a zuba a juya tokar a sake zubawa har sai an kara bayan hannu ba a ji ɗumi ba. Masu binne ta da yashi su ne ke ƙona ƙafar yara da safe, garwashi na kwana da ransa a ƙarƙashi.

Zainab A: Mabuɗin gwangwani!! Duk kun ce gwangwani gwangwani ba wanda ya ambace shi. Da laita biyu da ashana a leda, da ƙarfen kama abu mai zafi don ɗauko foyil ɗin. Kuma a juye abin gwangwani a tukunya, kar a ɗora shi kan wuta haka, cikinsa akwai shafen roba.

Maman Hanan: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Abban Sadik foyil ɗin naɗi nawa zan saya, kuma wane gefe ke kallon abincin, mai ƙyalli ko ɗayan?

Abban Sadik: Duk ɗaya ne, kowane gefe kika sa. In mai kauri kika samu naɗi ɗaya ya isa, in siririn nan ne ki ɗauki biyu ki yi ninki uku, don yana yagewa wajen juyawa man ya tsiyaye cikin wuta.